Ragar Gefen Famfo

Sunansa na yanka yana cikin fayil a ofis, amma duk garin Gola ake ce masa, har matarsa. Shi ne malamin wasanni na sakandaren gwamnati, wadda ita kaɗai ce a garin. Yana ajin ƙarshe a wannan makaranta ya tare fenareti a wasan ƙarshe na gasar makarantu, a ragar da ke gefen famfo, aka ba su kofi. Shi ne kofi na farko a tarihin makarantar. Shi ne kuma na baya-bayan nan. Yana nan a ofishin Firinsifal, ana zuba makullai a ciki.

Gola ya je kwalejin malamai ya dawo wa ragarsa. Ya koyar da 'ya'yan abokan wasansa, furfura ta same shi da usur a wuya. Duk ɗan aji ɗaya sai ya kai shi gindin turken hagu ya nuna masa inda ya faɗi da ƙwallo a hannu. Akwai ɗan rami a wurin. Gola ya ce kafaɗarsa ce, mai gadi ya ce ruwan famfo ne ya zaizaye.

Ta fannin karatu kuwa, da alli ake koyar da kimiyya. Malamar kemistiri takan zana kwalba a allo, ta zana wata a samanta tana ɗiga, ta ce, "To, ku ɗauka ya koma ja." Yara su ɗauka. Autar Gola na cikin masu ɗaukar, tana ajin ƙarshe, kuma likita take son zama.

Sai jami'an hukumar jarrabawa suka zo neman ɗakin gwaje-gwaje, aka nuna musu allon. Suka yaba zanen, suka ce in babu ɗaki, babu jarrabawar kimiyya a bana. Gwamnati ta yarda za ta gina, amma sai inda ruwa yake, wato rabin filin ƙwallo, gefen famfo. Firinsifal, mace mai son zaman lafiya, ta miƙa maganar ga kwamitin iyaye da malamai. Gola na ciki.

Ranar taron, yana ɗaura takalmi matarsa ta ce, "Gola, in hannun nan ya tashi ba daidai ba, ka wuce ragar taka ta dafa maka na rana."

Auta na tsakar gida. Sai da ya kai ƙofa ta biyo shi. "Baba, ka manta usur ɗinka." Bai taɓa mantawa da shi ba sai ranar.

A aji aka zauna, manya sun matsu a bencin yara. Lamba Tara, abokin wasansa na da, yanzu tela ne mai tumbi, ya miƙe ya ce, "Jama'a, filin nan maza ya haifa!"

Mai kemis ɗin garin ya ce, "Suna ina mazan? Kai ɗinki kake, na kusa da kai facin taya yake."

Aka yi dariya, ban da tela da mai faci. Da aka ɗaga hannu, masu fili da masu gini suka zo daidai. Mutum ɗaya ne hannayensa ke tsakanin gwiwoyinsa.

Firinsifal ta ce, "Ni shugabar taro ce, ba ni da hannu. Malam Gola, kai muke jira."

"Kyaftin," in ji Lamba Tara, "har kai sai an roƙa? Ɗaga mana mu tashi."

Gola ya dubi taga. Ga ragar can. Ga 'yan ajin ƙarshe sun kewaye famfo, ƙishirwa ta kama su duka a lokaci guda. Auta ta tara hannu, ruwa na zuba, ba ta sha, idonta na kan tagar.

Ya ce, "Ba a iya ginawa a ɗaya gefen?"

"Can babu ruwa, Malam."

"To a matsar da famfon."

"Kwangilar ba ta ce famfo ba."

Bencin da tela ke kai ya yi ƙara. Gola ya goge gumi da hularsa, ya ɗaga hannun hagu, wanda ya tare ƙwallon nan.

"Wa ka ɗaga wa?" in ji Firinsifal.

"Kwalabe."

Lamba Tara ya tashi, bencin ya ɗaga da mai faci. "Wallahi, kyaftin, yau ka ci gida."

Gola da kansa ya tumɓuke turakun ragar, ya hana leburori taɓawa. Aka gina ɗakin kafin jarrabawa, wurin wanke kwalabe ya zauna daidai kan ramin. Wata rana Auta ta dawo da gudu. "Baba, ashe ba ja yake komawa ba, ruwan hoda ne!"

Ya ce to madalla, ya ci gaba da ɗinkin ƙwallonsa.

Har yau tela ba ya amsa gaisuwarsa. Filin yanzu raga ɗaya gare shi, kowane ɓangare ita yake bugawa, ana gardamar wanda ya ci. 'Yan aji ɗaya kuwa ba a fasa nuna musu tarihi ba: Gola kan shigar da su ɗakin gwaje-gwaje, su durƙusa su leƙa ƙarƙashin wurin wanki. Sai dai yanzu sai ya je ofis ya nemi izini, a ɗauko masa makullin daga cikin kofin.