Hoton Laraba a Gidan Makoki

Turaren wuta nake sayarwa a Zango, kuma ɗora hotunan kaya a salula yana cinye mini wuni. Wata Bakanuwa da nake sari wurinta ta koya mini dabara: in ɗauki hotunan mako duka ranar Lahadi, in sa wa kowane ranarsa, su riƙa fita da kansu. Na yi, na samu sarari, har na manta da su.

Ranar Laraba maƙwabciyata ta rasu. Muna zaune gidan makoki, ina jan carbi, sai na ga mata suna duba salularsu suna kallona, na leƙa ta wadda ke kusa da ni. Ashe hoton Laraba ne ya fita: ga ni can na kashe ɗauri, ina dariya, ina kiran masu son ƙamshi.

Na ce ai tun Lahadi na ɗauka. Yayar mamaciyar ta ce, "To Hajiya, wa ya saka shi yanzu?"

Salulata tana gida, hannuna bai taɓa ta ba. Sai a hanyar komawa na tuna akwai na Alhamis, mai kiɗa, kuma Bakanuwar ba ta koya mini yadda ake tsayar da shi ba.