Takardu Ashirin da Uku a Akwatin Masallaci

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Riyad, na yi aiki a wani ofishin lauyoyi da ke unguwar Shumaisi. Kada ku ji ofishin lauyoyi ku ɗauka wani babba ne ni. Aikina dafa shayi da gahawa, buga kwafin takardu da kai saƙo. Abin da ya sa suka ɗauke ni kawai shi ne ina karanta Larabci, ba na cusa takardar wani a fayil ɗin wani.

Yawancin shari'o'in ofishin na marasa lafiya ne, mutanen da suke ƙarar an yi musu kuskure wajen magani. Saboda haka kabad ɗinmu cike yake da takardun asibiti. Ranar da na fara aiki, babban lauyan, wanda muke kira Ustaz, ya zaunar da ni ya jero mini dokoki. Ba a fita da takarda ko ɗaya. Ba a ɗaukar hoto da waya. Ba a ba da labarin abin da aka gani, ko ga matarka. Duk kwafin da aka gama da shi sai an zuba shi a injin da ke yayyanka takarda siri-siri kamar taliya, sannan wanda ya zuba ya rubuta a littafi ya sa hannu. Ya ce, “Fahimt?” Na ce na fahimta, har da dafa ƙirji.

To amma akwai wata doka da ta riga tasa shiga kaina. Mahaifiyata ba ta wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa. Ko a tsakiyar kasuwa ne sai ta duƙa ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta soka a tsagar katanga. Na taɓa yaga wani shafi mai Bisimilla ina yaro don in yi jirgi da shi, kunnena na hagu bai manta ba har yau.

Wata Alhamis, ranar ƙarshe ta aikin mako, Ustaz ya miƙo mini tulin kwafin wata shari'a da aka kammala, ya ce in lalata. Na fara zubawa. Sakamakon gwaje-gwaje da ke cikin Turanci duk suka wuce ba gardama. Sai na iso kan wasiƙun asibiti da rahotannin likitoci, kowanne da Bisimilla ɓaro-ɓaro a samansa. Hannuna ya tsaya cak. Na dubi haƙoran injin nan, na ji kamar mahaifiyata na tsaye a bayana.

Na ware su gefe, guda ashirin da uku. A ƙofar masallacin layinmu a Manfuha akwai wani akwatin ƙarfe da aka tanada don takardu masu sunan Allah da tsofaffin littattafai, lokaci-lokaci mota takan zo ta kwashe. Na ce ai shi ke nan, ga mafita. Na ƙunshe su a leda, na tura cikin jakata, na buɗe littafin ofis na rubuta cewa an lalata duka, na sa hannu. Da la'asar na jefa ledar a akwatin, na shiga salla ina jin kaina wani waliyyi. Wallahi har lada nake lissafawa.

Ran Lahadi da hantsi wani dattijo Balarabe ya zo ofis. Na kai musu gahawa, ina tsiyayawa suna magana, sai na gane ashe shi ne mai shari'ar da na jefa takardunta a akwati. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya. An taɓa ba shi wani magani ba daidai ba, har ya kai ga kwanciya a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na wasu makonni. Ya ce da Ustaz, “Ba don shari'ar na zo ba, ta wuce. Takardun nake tambaya. 'Ya'yana mata uku, babbar an sa mata rana. Ka san mutanenmu. In aka ji inda ubansu ya kwanta, ba wanda zai tsaya tambayar dalili.”

Ustaz ya ce ya kwantar da hankalinsa, na asali suna kulle, kwafin kuwa an lalata. Ya jawo littafin ya buɗe, ya nuna masa sa hannuna, ya ce, “Ga ma wanda ya yi aikin nan tsaye.”

Dattijon ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Allah ya rufa maka asiri, ya waladi, ɗana, kamar yadda ka rufa mini.”

Na ce amin. Ban san da wane baki na faɗa ba. Na yi maza na fice da butar gahawar.

A kicin na tsaya ina tuna abin da ke jikin takardun nan. Cikakken sunansa har na kakansa, lambar katinsa, unguwarsu a Shifa, sunan sashen da ya kwanta. Sannan na tuna bakin akwatin yana da faɗi, hannun babba yana shiga har gwiwa. Da idona na sha ganin mutane suna laluben littafin kyauta a ciki bayan sallar Juma'a, kuma ledata ta riga ta yi Juma'a a can. Tsoro ya kama ni sosai. Na sa gishiri a shayin wani lauya, na buga takarda ɗaya sau tara. Agogon bangon nan kuwa ranar kamar an ɗaure masa ƙafa.

Na kira abokina, direba ne da muke ɗaki ɗaya, na ce ya taimaka ya leƙa masallaci. Bayan rabin awa ya kira. Ya ce, “Akwatin na nan, ba a kwashe ba, amma da kwaɗo a jiki. Miftah ɗin, makullin nan, yana wajen ladan, shi kuma sai la'asar. Wai kai me ka jefa a ciki ne, iƙamarka, katinka na zama a ƙasar?” Na ce masa da iƙamar ce da sauƙi. Ya ce, “To Allah ya kyauta,” ya kashe.

Ana tashi daga aiki na tari tasi, abin da ban saba ba. Ladanin wani tsoho ne ɗan Yaman, mai magana a hankali. Na ce masa na jefa takardun ofis bisa kuskure. Ya buɗe kwaɗon, muka karkato akwatin. Ga ledata nan, amma a yage. Wani ya zura hannu ya ja, ya ga ba littafi ba ne, ya saki. Takardun sun watsu cikin tsofaffin kalandu da littattafan makaranta. Na durƙusa a kan siminti mai zafi ina tsinta ina ƙirgawa. Ashirin da biyu. Na sake. Na zazzage kowane littafi shafi-shafi, na leƙa ƙarƙashin akwatin, na bi gefen titi har kwana. Ashirin da biyu dai.

Ladanin yana tsaye bai karanta ko ɗaya ba, ya kawar da kai gefe. Da ya ga na zauna daɓas, ya tambaye ni dalilin da ya sa na kawo su tun farko. Na gaya masa. Ya ce, “Ya akhi, ɗan'uwana, malamanmu ba su hana injin nan ba, tunda yana raba haruffa. Ka girmama sunan da ke sama, ka jefar da sunan da ke ƙasa. Ai Mai sunan saman ne ya ce a rufa wa na ƙasan asiri.” Na tattara takardun na tafi gida.

Abokina ya ba ni shawara in mayar da ashirin da biyun in zuba a inji in ja bakina, ba wanda zai sani. Gaskiya na so in bi shawarar. Ina da mata da yara a gida, kuma zamana a ƙasar a hannun ofishin yake. Amma addu'ar dattijon nan ta ƙi barina in sakata.

Washegari na ajiye takardun a teburin Ustaz na faɗa masa komai. Bai yi ihu ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya buɗe kabad ya ɗauko na asali, ya jera su gefe da gefe har ya gano wadda ta ɓata. Wasiƙar sallama ce daga asibiti, mai ɗauke da suna da sashe. Ya ce, “Dole a sanar da mai ita. Haƙƙinsa ne ya sani, kuma kai za ka faɗa da bakinka.”

Dattijon ya zo da azahar. Na tsaya a gabansa na yi bayani, Larabcina duk ya tarwatse. Ya tambayi sunan layin masallacin, na faɗa. Ya tambaya ko na karanta takardun, na ce na ga abin da na gani, amma ban faɗa wa kowa ba. Ya miƙe a hankali ya gyara mayafin kansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Jiya na yi maka addu'a. Ba zan janye ta ba.”

Ba a kore ni ba. Ustaz ya karɓe makullin ɗakin fayil daga hannuna, ya kuma sa doka cewa mutum biyu ne za su riƙa tsayawa a kan injin, dukansu su sa hannu. Ya rubuta abin da ya faru a littafin, a ƙarƙashin sa hannuna na ƙarya. Na ƙara shekara biyu a ofishin, kullum na buɗe littafin sai na ga shafin.

Na yi wata guda ina bin layukan Manfuha kaina a ƙasa, duk farar takardar da na gani sai na juya ta. Ban same ta ba. Ban kuma taɓa jin ko an ɗaura auren nan ba, don ba ni da hurumin tambaya.

Abin da na koya shi ne, ban yi wannan ɓarnar da mugun nufi ba, da kyakkyawar niyya na yi ta, kuma hakan bai rage wa mutumin nan komai ba. An ba ni doka, na ga kamar na fi masu dokar tsoron Allah, alhali tambaya ɗaya da na yi wa Ustaz ran Alhamis da ta wadatar. Har yau in na ga takarda mai Bisimilla a ƙasa ina duƙawa in ɗauka, kamar mahaifiyata. Sai dai ni ba na tsayawa a saman. Idona kan gangara ƙasa ne da sauri, ina duba ko sunan dattijon nan ne.