Na Baya a Hanyar Raƙuma

Duk wanda ya zauna a Madain Fahd, unguwar nan ta kudancin Jidda, ya kuma taɓa jiƙewa da zufa saboda mukayyif ɗinsa ta mutu, to ya san Abdulghani. Mukayyif ita ce na'urar sanyaya ɗaki, kuma a Jidda in ta tsaya, har zaman lafiyar gida tsayawa yake yi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana hawa tsani da akwatin kayan aiki, yana sayar wa mutane sanyi, shi kuwa gumi na ɗiga daga gemunsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga tafiyar hawainiya. Matarsa Madina takan ce in aka aike shi ɗebo wuta, toka zai kawo.

A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa Malam Zaharadden ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa cikin ayarin mahajjata, tafiyar da ta ci shekara huɗu, a tsaya a yi noma, a tashi a ci gaba. Tsohon bai bar musu gida ba, bai bar fili ba. Hausa ya bar musu, da labarai. A cikin labaran akwai ɗaya da ya zauna wa Abdulghani a zuciya tun yana ƙarami.

Tsohon yakan ce, "Ku kuna zaton madugu a gaba yake. Namu a baya yake tafiya. Gaba ta mai nuna hanya ce. Madugu ba ya wuce kowa, ko jaki ne ya gurgunce sai ya tsaya masa. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a daji, shi ya zauna a kaina kwana biyu har ayari ya ɓace mana. Ba don shi ba, da babu ko ɗayanku."

Abdulghani ya haura hamsin bai taɓa taka dutse ba, in ban da na Safa da Marwa. Sai likita ya ce masa ciwon suga ya kama shi, lallai ya riƙa tafiyar ƙasa. A daidai lokacin Meshari, ɗan maƙwabcinsa, malamin makaranta kuma jikan mahajjata shi ma, ya haɗa wata ƙungiya ta masu hawan dutse. Duk Asabar ta lokacin sanyi sukan cika bas su nufi wajen Ɗa'ifa. Bas ta sauke su a gindin dutsen Hada, ta zagaya ta titi ta jira su a sama, su kuma su bi tsohuwar hanyar raƙuma, wadda mutanen zamanin da suka shimfiɗa da duwatsu tun kafin a san mota.

Ranar farko da ya sauko daga bas ya ɗaga kai, sai da hularsa ta faɗi. Shi mutumin bakin teku ne, abu mafi tsawo da ya sani bene ne, kuma bene yana da ƙarshe. Wannan kuwa dutse ne a kan dutse, baƙi da ja da ruwan toka, in ka ce ga ƙarshensa sai wani ya leƙo daga bayansa. Hanyar tana nannaɗe da jikinsa kamar rawani. Duwatsun shimfiɗar sun yi sulɓi saboda ƙafafun da suka bi ta kansu, na raƙuma da na mutanen da ba wanda ya san sunansu yanzu. Da suka yi nisa sai wata iska ta sauko ta shiga wuyan rigarsa. Ya tsaya cak. Shi da ya san farashin sanyi, ga shi nan ana rabawa kyauta, babu waya babu inji. Ya ce "Subhanallahi" ya fi a ƙirga, har samarin ƙungiyar suka fara yi masa dariya.

Tun ranar ya ɗauki baya, ba tare da wani ya naɗa shi ba. Da farko mutane sun ɗauka nawarsa ce. Daga baya suka lura ko wanda ya fi shi nawa ya zo, Abdulghani ba ya wuce shi. A jakarsa akwai dabino, da ruwa, da auduga, da silifas guda biyu, da baƙin salatif irin na naɗe wayar lantarki. Ya san abin da masu saurin ba su sani ba: wanda ya gaji ba ya zama a tsakiyar hanya, kunya takan sa ya raɓe bayan dutse don kada a gan shi. Saboda haka duk dutsen da ya isa ɓoye mutum sai ya leƙa bayansa.

Mai tafiya a hankali shi ke sanin hanya. Har sunaye ya raɗa wa wurare, da Hausa, ƙungiya kuma ta ɗauka, har waɗanda ba su jin ko "zo in kashe ka". Akwai Turmi, wani dutse mai rami a ka wanda ke riƙe ruwan sama. Akwai Majalisa, inda gwaggon birai ke jeruwa suna kallon mutane kamar ana bin su gaisuwa. Sai Hutun Raƙumi, wani falalen dutse a tsakiyar tafiya, wanda ya miƙe ya leƙa kan kwari, da wata tsohuwar bishiyar ar'ar a gefensa da iska ta tanƙware.

Amma abin da kowa ke zuwa gani a can sama yake. In aka yi sa'a, waɗanda suka isa da hantsi sukan tarar da gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsu, fari fat, ya rufe kwari gaba ɗaya, kawunan duwatsu kawai ke leƙowa. Kafin azahar rana ta shanye shi. Abdulghani kuwa bai taɓa isa kafin azahar ba. Shekara tara yana isowa riƙe da hannun wani mai haki, a tarye shi da hoto a waya ana cewa, "Ammi, baffanmu, dubi abin da ka rasa." Ya duba, ya ce masha Allah, ya mayar. A gida Madina ta ce, "Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari." Yakan yi dariya, amma abin na cin ransa. Yana son ya ga gajimaren nan daga sama da idonsa, so irin wanda babba ke jin nauyin faɗa.

A shekara ta tara sugan ya taɓa idon. Abin da ke kusa yana ganinsa, na nesa kuwa ya zama garara. Lambar bas sai ta zo gabansa yake karanta ta. Likita ya ce abin gaba zai yi, kuma bayan wannan sanyin ya manta da dutse. Madina ce ta tsegunta wa Meshari.

Asabar ta ƙarshe, bayan sun yi sallar asuba a gindin dutse, Meshari ya tsaya gaban jama'a. Hausarsa gurguwa ce, da Larabci take dogarawa.

Ya ce, "Ammi Abdulghani, yau kai gaba. Khalas, babu kalam. Ni zan riƙe baya, wallahi ko akuya ba zan wuce ba. Yau sai ka shuf da idonka."

Abdulghani ya so ya yi gardama, amma zuciyarsa ta riga bakinsa amincewa.

A cikin baƙin ranar akwai Muntaka, mutumin Gumel, magidanci mai shekara arba'in da wani abu, mai dakon kaya a wani sito a Khumra. Wani abokin aikinsa ne ya gayyace shi, ya ce masa za a fita da manyan mutane. Shi kuwa bawan Allah da ya ji "manyan mutane" sai ya ɗauko shaddarsa ta Juma'a da ta sha sitati, da sabon takalmi sau-ciki da bai taɓa sakawa ba. Ga shi ya fito daga ƙasar da tudun tururuwa ma abin nunawa ne. Duk takun da ya yi sai shaddar ta amsa, kwaram, kwaram.

Aka kama hanya. Abdulghani a gaba kamar an ɗaura wa kaza takalmi, taku uku sai ya waiwaya. Amma ya yi sauri, saurin da Madina ba za ta yarda ba ko an rantse mata. Suka wuce Turmi, suka wuce Majalisa, suka wuce Hutun Raƙumi rana ba ta gama fitowa ba. A zango na ƙarshe, saura abin da bai fi rabin sa'a ba a kai sama, suka tsaya shan ruwa. Mutane suna ta isowa, har Meshari ya iso ya ɗaga hannu alamar kowa ya cika.

Abdulghani ba ya ganin fuskokin na nesa, sai ya kasa kunne. Ya ji haki, ya ji dariya, ya ji ƙarar gorar ruwa. Bai ji shadda ba.

Ya ce, "Ina mai babbar riga?"

Aka dubi juna. Abokin da ya kawo shi ya ce ya ɗauka yana baya. Meshari ya rantse bai wuce kowa a hanya ba, kuma gaskiya ya faɗa, a kan hanya bai wuce kowa ba. Ya ce zai koma da gudu.

Abdulghani ya ce, "Ba za ka gan shi ba, ya waladi, ɗana. Ka riga ka wuce shi sau ɗaya. Ka kai jama'a sama."

Ya ɗaga kai ya dubi inda saman yake, wani haske-haske da ba ya iya rarrabewa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya gyara jakarsa ya juya.

A bayan wani dutse kusa da Hutun Raƙumi ya same shi, zaune da takalmi a hannu, dugadugansa biyu sun saɓule. Muntaka na ganinsa ya nemi ɓoye ƙafar cikin riga.

"Baba, don Allah ka koma. A bas na ji an ce yau ranarka ce. Sori, wallahi ni na ja. Ka bar ni, zan lallaɓa."

"Miƙo ƙafar," in ji Abdulghani.

Ya kama shi suka fito kan falalen. Ya wanke ciwon, ya ɗora auduga, ya naɗe da baƙin salatif tsaf kamar yana haɗa waya. Ya ba shi dabino uku. Rana ta ɗago, hantsi ya yi. Abdulghani ya san yanzu na gaba sun isa, ya san abin da suke kallo, ya kuma san ba wata Asabar. Bai ji haushin Muntaka ba. Baƙin ciki dai ya ji, mai nauyi, ya zauna da shi yana tauna dabino.

Sai Muntaka ya kama hannunsa. "Baba! Mene ne wancan? Gobara ce?"

Abdulghani bai ga komai ba tukuna. Sanyi ya fara ji a ƙwaurinsa, da wani ƙamshi na jiƙaƙƙen dutse. Birai da ke hayaniya a ƙasa suka yi tsit. Can sai farin ya shigo inda idonsa ke kaiwa. Gajimare ne ya taso daga ƙasan kwari, yana hawowa a hankali, yana cinye duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗiye hanyar da suka biyo. Ya zo gindin falalen ya yi ta taruwa, yana tumbatsa kamar nono a ƙwarya, har ya kawo daidai leɓen dutsen da suke zaune. A nan ya tsaya. Bisa kansu sama garau, rana na zuba a kan farin, a gabansu kuwa babu ƙasa, babu kwari, babu komai sai shi.

Da a sama yake, da abin ya yi masa nisa, da farin garara kawai zai gani. A nan kuwa taku biyu ne tsakaninsu. Yana ganin yadda yake juyawa, yadda bakinsa ke yagewa siriri-siriri yana maƙalewa a ganyen ar'ar, ya bar ɗigon ruwa a kowane tsinke.

Muntaka sai kabbara yake yi. Abdulghani kuwa ya sunkuya. Ya kwance takalminsa, ya matsa bakin falalen, ya zura ƙafafunsa biyu. Suka ɓace har idon sawu. Hawaye ya bi ta gemunsa, inda gumi ya saba bi, bai kuwa share ba.

Ya ce, "Muntaka, can gaba me kake gani? Faɗa mini duka."

"Kawunan duwatsu, Baba. Ɗaya, biyu, har biyar, kamar an jera tulu a ruwa. Na ƙarshen rana ta mai da shi ja. Ga wani tsuntsu yana shawagi, kuma wallahi a ƙasanmu yake."

Wayar Abdulghani ta yi ƙara. Meshari ne daga sama, muryarsa cike da nadama.

"Ammi, samihni, ka yafe mini. Yau ya fi kullum, wallahil azim, kuma kai ba ka nan. Zan ɗauko maka hoto."

"Bar hoton," in ji Abdulghani. "Ƙafata na ciki."

Sun fi rabin sa'a a wurin kafin rana ta fara shanye shi. Bishiyoyin ƙasa suka fito, hanya ta fito, birai suka koma surutunsu. Abdulghani ya mayar da takalminsa, ya ciro silifas ya ajiye gaban Muntaka, ya karɓi sau-cikin ya jefa a jaka. Muntaka ya miƙe yana ɗingishi, ya ja gefe cikin ladabi don babba ya wuce.

Abdulghani ya girgiza kai, ya nuna masa hanya da haɓa.

"Yalla, wuce. Ina bayanka."