Neman Duhu daga Gazawa zuwa Gidan Sori

An ce ba za a iya ba. Mai hoton kasuwar Gazawa ya ce fim ba ya kama abin da ido bai gani ba. Abokan hirata suka ce wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon ƙasa ba shi da hurumi a sama. Ɗana na fari, wanda ni na kai shi lakol, makarantar boko, da hannuna, ya ce wannan aiki sai Turawa masu manyan injuna. Na saurare su duka, domin a zamaninmu sauraro aka fara koya mana kafin magana.

Abin da nake nema shi ne hoton Kaza da 'Ya'yanta, ba taurarin kaɗai ba, har da wani shuɗin hazo da ke lulluɓe da su, wanda ido ba ya kaiwa gare shi. Madubin hangen taurarin na saye shi ne a hannun wani injiniya da muka yi aikin hanya tare. Ana ɗaura masa kyamara, a bar bakinta buɗe kusan sa'a guda, mutum yana leƙe yana murɗa wani ɗan kunne a hankali, domin sama ba ta tsayawa. In haske ya faɗo, ko na ashana ne, aiki ya ɓaci.

A gida duhu ya ƙare. Tun da aka buɗe siyasa, wata jam'iyya ta kama buro, wato ofis, daura da ƙofata, da injin wuta da ƙwayaye masu launi. Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba: likita ya ce yanar ido ta rufe mini na hagu, ta soma cin na dama, kakar baɗi ba zan ga tauraron da zan bi ba. Daren duhun wata kuwa uku suka rage.

Gazawa zuwa Cadawa

Na fito bayan sallar asuba da dogon akwatin madubina. Direban motar kasuwa ya dube shi, ya dube ni.

"Baba, wanga bisa za mu ɗaure shi, tare da buhunan wake."

"Gilashi ne. A cinyata zai zauna."

"To gilashi ma kuɗin kujera zai biya."

Na biya. A shingen Agiye wani jandarma ya sa na buɗe, ya leƙa bakin bututun ya ce, "Lasifikar wace jam'iyya ce wannan?" Na ce ta kallon taurari ce. Ya ce kowa haka yake faɗi kafin zaɓe, ya ɗaga mana igiya.

Da hantsi na sauka gidan Isuhu, wanda muka zauna benci ɗaya a lakol, ya yi aikin asibiti har ya aje. Ya yanka mini zakara. Bayan lisha na ce zan sha iska, na kafa kayana bayan rumbuna, na daidaita su da tauraron arewa, na buɗe kyamara. Sama tana wanke tas, irin ta bayan girbi. Na ci fiye da rabin lokaci ke nan, sai na ga inuwata ta miƙe a gabana.

"Subhanallahi! Baƙona cikin duhu kamar ɓarawon akuya? Mi za a ce da ni cikin garin ga?"

Isuhu ne, da fitilar ƙwai a hannu ɗaya, butar shayi a ɗaya. Ya aje fitilar daidai ƙafar madubin, ya ƙara mata lagwani. Na rufe kyamara na ce, "Allah ya saka da alheri." Me zan ce? Mutumin da ya yanka maka zakara ba ka gaya masa fitilarsa ta yi maka ɓarna. Muka sha shayi muna tuna malaman da suka dake mu, ni kuwa raina yana sama. Gari na wayewa na yi sallama, yana ta roƙon in ƙara kwana.

Maraɗi

Niyyata in wuce yamma a ranar, amma motar ta lalace kafin mu shiga gari, sai da la'asar aka turo ta tasha. Motocin Gidan Rumji duk masu kamfe sun yi shatarsu. Na kwana a tasha bisa akwatina, ƙarƙashin wani dogon ƙwan lantarki mai tara ƙwari. Na tashi na zauna, na zaga na dawo. Mai shayi ya ce, "Baba, ko an yi maka sata ne?" Na ce an yi, amma ba wanda zan kai ƙara. Dare na biyu ke nan.

Gidan Sori

Da safe na sami wuri a bayan wata motar gero. Inda kwalta ta rabu da hanyarmu na hau amalanken shanu, muka bi yashi tsakanin gonakin da aka sassabe, ina rungume da akwatin. Muka wuce Gidan Sori zuwa wani ɗan ƙauye inda Tanko yake, ɗan kawuna, taubashina. Na zaɓe shi ne domin tsakanin taubasai babu kunya, abin da na kasa faɗa wa Isuhu zan iya faɗa masa. Abin da na manta shi ne taubashi ba ya jin roƙo sai ya yi akasinsa.

"Ga bawana ya taho da makara tai!" in ji shi tun daga nesa. Da na bayyana masa buƙatata sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Duhu kaka so? Wallahi hitila goma za ni kunna ma, in kira makaɗa. Mu ba mu saukar baƙo kamar jaki."

Rana tana gangarawa. Na ja shi bayan garken awaki na gaya masa abin da likita ya ce. Ya tsaya yana kallona. Can sai na ji iska a kuncina na hagu, na juya, ashe hannunsa ne yake kaɗawa tun ɗazu ban gani ba. Ya sauke hannun. Ya ce, "To. Zo ka ci tuwo."

Bayan lisha na kafa kayana a gonar Tanko. Tanko ya ɗauki sanda ya zauna a bakin hanya. Ban daɗe da buɗe kyamara ba na ji takun mutane, domin labarin baƙo ya zaga, kowane gida ya aiko da fitila, har na liman da na maigari. Sai na ji muryar Tanko:

"Ku koma, ku koma da wutar nan! Boko ya taɓa mai kai. In ya ga haske cizo ya ka yi!"

"Wayyo! Dattijo kamar wanga?"

"Jiya ya ciji wani likita a Cadawa."

Wata tsohuwa ta ce dama ta san ƙarshen karatun nasara ke nan. Aka yi ta salati, takun ya yi baya.

Ni, wanda manyan buro suke miƙewa in na shiga! Na ƙara riƙe kunnen madubin. Kalma ɗaya ta isa in wanke kaina, amma in na ɗaga ido tauraron ya kuɓuce, kuma in suka san lafiyata ƙalau to fitilun nan sai sun iso. Na haɗiye. Idon dama yana ruwa, tauraron yana narkewa yana dawowa, sanyi ya kama mini gwiwa, na ci gaba da murɗawa. Da lokaci ya cika na rufe kyamara, na daɗe ban iya miƙe wuyana ba.

Da safe mata suka riƙa leƙowa suna gaishe ni da ƙaramar murya: "Ya jiki, Malam?" Na ce da sauƙi. Liman ya aiko da rubutu a ƙoƙo. Tanko yana tsaye yana cizon leɓe, na karɓa na shanye duka.

Komawa gida

Shagon wankin hoto a Maraɗi cike yake da 'yan takara, kowa yana so a gyara masa fuska. Mai shagon ya ɗaga fim ɗina ga haske ya ce, "Baba, wannan ai babu kowa a ciki." Na ce ya wanke shi haka nan, zan jira. Na jira tsaye.

Na Cadawa ya fito jajir kamar gobara. Na biyu, na gonar Tanko, na fita da shi waje, na ɗora masa gilashin da nake karatu da shi. Taurarin sun yi 'yan wutsiyoyi, shaidar inda hannuna ya yi rawa. Amma a kewaye da su, musamman wadda ke ƙasa, ga shuɗin nan kwance kamar zanen da aka tsamo daga marina. Na gan shi da idona.

Na iso Gazawa da magariba, injin maƙwabtana yana ta ruri, ban ji haushinsa ba. Ina gode wa Allah. Ina gode wa Isuhu, wanda har yau bai sani ba. Ina gode wa Tanko, ko da yake an ce mini har yanzu a ƙauyensu ana tsorata yara da sunana.

Wanda zai gaji hoton nan, ina so ya rubuta a bayansa da tawada mai kyau, tun da hannuna ya soma ɓata layi: an ɗauke shi a gonar Tanko, daren ashirin da tara ga Jimada Awwal, shekarar da jam'iyyu suka fara kamfe a ƙasarmu.