Gugan Iya da Fambel ɗin Kaka Labo

Ku matso kusa, ku da kuka san kakana Labo, yau tonon asiri zan yi. Kun tuna ba ya ganin roba ya wuce? Ko a gidan suna ne sai ya duƙa ya ɗauka, ya ja, ya sa haƙori ya gatsa, sannan ya yanke mata hukunci.

Tun da ya ajiye tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, ya dawo Madarumfa, ba shi da aiki sai ƙera ƙananan motoci na gwangwani a zaure. Jikin motar kwana biyu ya gama. Amma fambel, robar nan da ke juya fankar inji, sai ya yi mako a kanta. Ya yanko ta da reza siririya kamar tsinken tsintsiya, ya fitar mata da haƙora da allura mai zafi, ya haɗa bakin da sholisho, ya goga mata toka don ta yi kamar ta sha hanyar Maraɗi. In ka tura motar, fanka na juyawa a ciki. Kullum maganarsa ɗaya: mota ba fambel gawa ce.

Wani Alhaji ya taɓa zuwa daga Ɗan Issa, yana son motoci da yawa kafin Salla, ya ce a bar wahalar fambel tunda ba mai ganinta. Kaka ko kai bai ɗaga ba.

"Alhaji, mazagin wandonka wa ke ganinsa? Zare shi mu ga ko za ka kai tasha."

Ƙarshen cinikin ke nan.

To, robar da ta fi yi masa ita ce ta gugan kakata, Iya Tabawa. Wai ruwan rijiya ya ladabtar da ita. Sai ya bari Iya ta tafi gaisuwa, ya kwance bakin gugan, ya yanko zagaye guda, ya mayar ya ɗinke. Ni na kama shi. Ya ce, "Uwargida, rufa wa mijinki asiri." Na ce miji marar haƙoran gaba ba ya ba ni umarni, amma dai na yi shiru.

Iya ta yi ta mita wai tulunta ya ƙara ciki, a da guga huɗu ke cika shi, yanzu sai bakwai. Har ta zargi tsufa. Ran da ta gane, ta tsaya masa a ka da gugan da ya koma kamar hular jariri. Ya ce ai tausayinta ya ji, ya rage mata nauyi. Daga ranar, in za ta fita unguwa, da sabon gugan da ta saya take tafiya cikin ƙwarya.

Motarsa ta ƙarshe kwaikwayon kamiyon da ya tuƙa ce, har da lotsawar ƙofa. Komai ya gama sai fambel, hannu ya fara rawa, reza ta ƙi biyuwa. Ya hana kowa taɓa ta, ya ce ba za a ce Labo ya bar gawa a zaure ba. Haka ya rasu ya bar ta.

Bayan arba'in Iya ta kira ni zaure. Ta miƙo mini gugan da reza.

"Kin fi kowa kallon hannunsa, munafuka. Yanka."

Sau biyar ina ɓatawa. A na shida na tura motar, fanka ta juya. Iya ta yi dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa gugan Iya kamar yadda ta yafe.

Kai da motarsa ke ajiye a ɗakinka, ka taɓa ɗaga murfin injin ka leƙa?