Ƙusa a Ƙugun Yaya Hauwa

Shekarar da ruwa ya cika Harami har wasu suka yi ɗawafi da iyo, da hantsin wata Asabar, aka danne yayata Hauwa a kan tabarma, a tsakar gidanmu na unguwar Misfala, nan kusa da Harami, aka ɗora mata jar ƙusa daga cikin garwashi a ƙugu. Ban fi shekara takwas ba, amma har yau hancina bai manta ba.

Laifinta tafiya. Ƙafarta ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, ɗan kaɗan ne, sai an lura. In ta ɗauko tanakar ruwa, wato garwa, daga bazan, inda unguwa take ɗiba, ta kama hawan dutse, duk ƙafar da ta miƙe ta ɗora wa nauyi, sai ƙugun ya tafi can, ɗaya gefen ya sauka, ruwan kuwa ko ɗigo. Na ga irin motsin nan a talabijin wajen masu rawar Amurka ta Kudu, wai har makaranta ake shiga a koya. A gaɗar da muke yi bayan la'asar, in mun gama ɓarar gyaɗar da Inna take soya wa alhazai, ba mai kamo Yaya. Mu sai mu yi ta murguɗe-murguɗe kamar kiyashi ya shiga mana zane, ita tana dariya tana cewa, "Ya banat, ku 'yan mata, ku ƙyale ƙugun, gwiwa ce ke aikin."

Goggo, yayar Babanmu, ta ce wannan ba halitta ba ce, karairaya ce. "A garin Ɗakin Allah? Aibu!" Inna ta ce mata, "Haka Allah ya yi ta," sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Goggo ta kirawo wata tsohuwa mai lalas, mai magani da ƙunar ƙarfe, wai a ɗaure jijiyar.

Ƙaurin kamar na babbakar kan rago ran Layya. Matan da suka danne ta suna gamawa suka zauna shan shayi, hirarsu ta tsadar sukari. Wurin ya ruɓe, mugunya tana manne mata zane, ƙudaje ba sa barin ta ko a salla. Da ya warke, jijiyar ta ɗaure da gaske, Yaya ta koma jan ƙafa. Ran da Goggo ta ga haka ta ce, "Alhamdulillahi, ta natsu." Na fita bayan ɗaki na yi amai. Yaya ba ta sake shiga gaɗa ba, sai dai ta zauna ta yi mana tafi, kuma haka ta ja ƙafar nan har ta rasu.

Yanzu muna unguwar Rusaifa, ruwa a famfo, ba dutsen hawa, ba kuma yaran da ke gaɗa. Jikata Rim ta zo da irin ƙafar nan. Uwarta ta kai ta mustashfa wajen likitoci, suka ƙara mata ɗan tudu a takalmin hagu, ga ta nan tana tsalle a falo. Jiya na ɗauki takalmin ina juyawa, tudun bai kai kaurin waina ba.

Abin da ƙafar Yaya take nema ke nan.