Riyalin Cibiya na Ummu Halfan

A unguwarmu ta bayan kasuwar garin Nizwa, a nan ƙasar Larabawa, duk wanda ya fara furfura, in ka ɗaga masa riga za ka tarar da aikin hannun Ummu Halfan. Sunanta Zuwaina, amma ban taɓa jin wanda ya yi ƙarfin halin kiranta da shi ba. Ita ce ungozomarmu tun kafin a gina asibiti, da aka gina kuma ta koma kula da masu jego. Kayan aikinta ba su da yawa: farin ƙyalle, ƴar kwalbar mai, sai riyalin azurfa guda irin na da, mai hoton wata sarauniyar Turawa mai kumatu, wanda muke kira riyalin Faransa. Idan cibiyar jariri ta faɗi, sai ta ɗumama riyalin a tafinta, ta kifa shi a wurin, ta ɗaure, wai kada cibiyar ta ɓullo. Likitoci sun ce wannan ba ya ƙara komai. Ni dai ɗinki na koya, ba aikin likita ba, amma na san tawa a lafe take, kuma da riyalin nan aka danne ta.

Wajen uwarta ta gaje shi, tare da sana'ar da kuma kaifin baki. Mijinta ya rasu tun Halfan, ɗanta tilo, bai yi wayo ba, da wannan riyali da hannayenta ta raine shi. Da tsufa ya kama yatsunta sai ta daina zuwa gidajen haihuwa. Ta ce ɗauri ɗaya ya rage mata a duniya, ta ajiye wa ɗan farin jikanyarta Moza, daga shi ta gama.

Halfan mutumin kirki ne mai ciwo guda: tara tsofaffin kuɗi. Tun da ya bar aiki a gidan waya ba shi da hira sai ta sulalla. A majalisa abokansa ba sa raga masa. "Ga mai sayen kuɗi da kuɗi nan," in ji su, "Halfan, ga canjin burodi, duba mana ko na Sarkin Rum ne." Yakan yi dariya, amma abin na cinsa.

Wata safiya na shiga gidansu karɓar awo, na tarar da Ummu Halfan a tsakar gida tana dirzar riyalin da lemon tsami da toka, domin Moza ta samu ciki. Halfan ya fito ya gan ta, saura kaɗan ya zube.

"Ummi, me kike yi masa?"

"Wanka, irin wanda na yi maka. Kai ma haka ka yi ihu."

Ya karɓa ya sa madubinsa na ƙara girma, ya ƙura masa ido. Abin mamaki, mutumin da ya zaga kasuwanni yana neman tsoffin sulalla bai taɓa duba na cikin lalitar uwarsa ba. Ya ce riyalan nan duk shekara ɗaya ce a jikinsu, ko da yake ƙasashe da dama sun yi ta sake buga su tsawon zamani. Ana gane bugu da bugu ne ta ƙananan alamu. Haruffan da ke ƙarƙashin kafaɗar sarauniyar nan ba irin na sauran ba ne, yana zaton cikin bugun farko-farko yake, wanda ya yi ƙaranci. Sai dai maganarsa ba hujja ba ce, dole a aika wa masana a ƙasar waje su tantance, su ba shi maki.

"Maki? Jarrabawa zai zauna?"

"Don Allah, Ummi. Sau ɗaya dai a ce ni ma na gano wani abu."

Ta daɗe tana kallonsa. Dattijo ne mai farin gemu, amma a idonta maraya ne har gobe. Ta ce ya ɗauka, da sharaɗin ya dawo mata da shi kafin Moza ta sauka.

Ya kai shi da kansa wurin wani dillali a Dubai, shi kuma ya tura gaba. Daga nan zaman jira ya fara. Kullum in an zuba gahawa an miƙo dabino, sai ta ce, "Ina riyalina?" Shi kuma ya ce yana kan layi. Aka girbe dabino, zafi ya karye, cikin Moza ya yi ƙasa, riyali na kan layi. Tsohuwa ta rame, ta daina tsokanar kowa, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Ana saura ƙiris Moza ta sauka riyalin ya iso. Halfan ya shigo da shi yana rawar jiki, har da halwa, alewarmu ta murna, ya sayo wa maƙwabta. Masana sun tabbatar da zatonsa, bugun da ya faɗa ne. Amma makin ya yi ƙasa ƙwarai, sun ce an goge shi da yawa, fuskar ta suɗe.

"Ka gaya musu cibiyoyinku ne suka cinye ta," in ji ta, ta miƙa hannu.

Ya ɗora mata wani ɗan akwatin roba mai haske kamar gilashi, da ƴar takarda a sama, riyalin a tsakiya. Ta juya shi, ta sa farce a gefe, ta sake juyawa.

"Ina murfin?"

"Babu murfi, Ummi. Liƙe shi suke yi. In aka fasa, shaidar ta tashi."

Ya san haka tun kafin ya aika, ina da yaƙini. Ya dai lallashi kansa ne cewa in lokaci ya yi wata dabara za ta zo. Na ji kamar in kwaɗa masa tiren halwar, amma da na dubi fuskarsa sai tausayinsa ya kama ni. Ita kuwa ta cusa akwatin a lalita, bai ma shige duka ba. Da yamma ya roƙi aronsa ya kai majalisa, aka yi ta zagayawa da shi hannu-hannu, ranar babu wanda ya yi maganar canjin burodi.

Moza ta haifi mace a asibiti, ta dawo gidan uba wankan jego. Ranar da cibiyar ta faɗi muna ɗakin, ni da surukar Moza. Ummu Halfan ta shimfiɗa ƙyallenta, ta ɗauko akwatin ta riƙe cikin tafukanta tana hura masa iska, ko zai yi ɗumi. Ta yi bismilla ta ɗora shi a cikin jaririyar. Ya fi cikin faɗi, kusurwarsa ta soki haƙarƙari, yarinya ta tsala kuka. Ta gyara, ya zame.

"Ummu Halfan, ki bar shi mana," in ji surukar a hankali. "Ƴaƴan yanzu duk ba a yi musu, ga su nan lafiya."

"Habbo, ba komai wallahi," in ji Moza, da sunan da take kiran kakar tata.

Tsohuwar ta ɗauke akwatin, ta fara naɗe ƙyallen. Ban taɓa ganin hawayenta ba, har ranar da aka fita da gawar mijinta an ce ba ta yi a gaban mutane ba. Ranar nan na gani, kuma ya yi mini ciwo.

Ashe Halfan na bakin ƙofa. Ya juya ya fita, ya dawo da taɓaryar ƙarfe ta dakan gahawa. Ya karɓi akwatin, ya karanta ƴar takardar nan sau ɗaya, ya naɗe shi cikin rawaninsa don kada azurfar ta ji rauni, ya ɗora a dokin ƙofa ya buga gefensa har ya tsage.

Ta karɓi riyalin, ta murza shi da babban yatsa. "Sun bar shi ya yi sanyi," ta ce. Ta ɗumama shi, ta kifa a cibiyar, ta zagaya ƙyallen. Sai wajen ƙulli yatsun suka ƙi. Ta gwada, ta sake gwadawa, bakin ƙyallen na suɓuce mata. Na yunƙura zan taimaka, ta harare ni na koma na zauna.

"Kai, zo nan," ta ce da ɗanta. "Durƙusa. Na dama a kan na hagu. Kada ka matse, ba buhun wasiƙu ba ne."

Ya durƙusa kan ɓaraguzan robar ya ƙulla, hannunta a kan nasa.